Zarto mai batir: abin da nake faɗa wa masu tambayata a shago

Ina ɗan shekara 13 mahaifina ya kai ni wajen wani kafinta a Tudun Wada, cikin wata rumfar kwano. Guntun malaina maigidan nawa ya miƙo mini da zarton hannu, ya ja layi da fensir, ya ce in bi. Sai da na yi wata uku ina yanka guntaye kafin ya yarda in taɓa maɗaci. Idan na karkace ba ya faɗa. Sikweya yake ɗorawa a bakin yankan, ya ɗaga sama, in na ga haske yana ratsowa ta tsakani na san na ɓata. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Har yau haka nake gwada aikin yarana, kuma babu ƙofa ko wadirob ko gadon amarya da zai fita daga shagon nan bai ci wannan jarrabawar ba.

Aikin waje ne ya sa na sayi zarto mai batir. Sababbin gidajen da ake ginawa wajen Hanwa da Danmagaji da Samaru a nan Zariya, yawancinsu za ka je kafa ƙofofi ko kabad ɗin kicin ba a ja musu wuta ba tukuna. Da sai mu ɗora janareto a keke napep, mu sayi fetur, mu ja waya ta cikin yashi da siminti. Yanzu jaka ɗaya ce. Da mutane suka fara ganinsa a hannuna, sai tambaya ta yi yawa, musamman malaman makaranta da waɗanda suka yi ritaya, masu son su riƙa haɗa kantar littattafai ko benci ko akurkin kaji da hannunsu a gida. Ina jin daɗin wannan tambayar, domin wanda ya taɓa yanka katako da kansa ya fi sanin darajar aikin kafinta.

Abin da nake fara ce musu shi ne, Malam, batir za ka saya, injin biyo baya yake yi. Za ka ga an rubuta 18V a wani, 20V a wani, mai shago ya ce maka na biyun ya fi ƙarfi, ya ƙara kuɗi. Abu ɗaya ne. Ƙananan ƙwayoyin batir biyar ne a jere a cikinsa, idan sun cika taf su ba da 20, idan ana aiki su tsaya wajen 18. Lambar da ya kamata ka duba ita ce wadda ke gaban Ah, ita ke nuna yawan wutar da batirin ke ɗauka. Mai 2Ah ya ishi injin ɗaure sukurori, amma zarto maci wuta ne, sai 4Ah ko 5Ah, kuma guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji. Sannan kowane kamfani da irin bakin batirinsa: na Makita ba ya shiga DeWalt, na Bosch ba ya shiga Ingco. Kamfanin da ka fara da shi, da shi za ka zauna. In da hali a ɗauki injin da motar cikinsa ba ta da burushin gawayi, wanda ake rubuta wa brushless, ya fi tattalin wuta, ba ya saurin zafi.

A nan ne ake cutar mutane, kuma ni ma an cuce ni. Wani mai kawo mana kaya ya taɓa kawo mini batura biyu, kwali mai kyau, tambari ras, an rubuta 6Ah. Falanki huɗu na yanka ɗaya ya mutu. Na kwance shi a gaban yarana, sai ga ƙwayoyi biyar marasa suna, inda a mai 6Ah ya kamata a samu goma, jeri biyu na biyar-biyar, sauran wurin an cike shi da abin da zai ƙara nauyi kawai. Da na mayar masa sai ya ce ai shi ma haka aka ba shi. Kullum maganar ke nan, haka aka ba shi. Ranar na bar mai gida tsaye da ƙofofinsa a jingine, na koma ɗauko janareto, kunyar da na ji ta fi mini asarar kuɗin ciwo. Tun daga nan ba na karɓar batir sai an yi caji an yanka katako a gabana. Masu sayen na gwanjo kuma su duba cajar, domin wadda aka yi don Amurka ta wuta 120 ce, tamu 230, kana sokawa za ta ƙone. Kuma kada a bar batir cikin mota ko ƙarƙashin kwano a zafin Maris da Afrilu, zafi ke kashe shi tun kafin lokacinsa.

Sai faifan, wato zagayayyen ƙarfen nan mai haƙora da ke yin yankan. Masu batir galibi ɗayan girma biyu suke ɗauka, faifai mai faɗin milimita 165 ko 185. Ƙaramin yana nutsewa wajen milimita 55, ya isa ya raba katakon tu-bai-fo, mai kaurin inci biyu, a wucewa ɗaya, kuma ga mai aikin gida shi nake zaɓa, ya fi sauƙi a hannu. A duba ramin tsakiya kafin a biya, don akwai mai 16, akwai 20, akwai 30. Faifai mai haƙora 24 na tsaga katako ne da sauri. Filawud da allon da aka lulluɓe da fomeka kuwa suna son haƙora 40 zuwa 60, in ba haka ba bakin zai yi kaca-kaca. Faifan da ya dakushe shi ke shanye batir, ya ƙona katako, ya sa mutum dannawa da ƙarfi.

Wajen yankan ne nake tsayawa in yi bayani sosai, don a nan hannu ke rabuwa da hannu. Ka saita zurfin yadda haƙori ɗaya kawai zai leƙo ta ƙasan katakon. Haƙoran wannan zarto daga ƙasa suke tasowa sama, saboda haka fuskar da kake so ta yi kyau ita za ka kifa ƙasa. Idan allon filawud ne mai ƙafa 4 da 8, kada ka dogara da ido: ka ɗaure miƙaƙƙen katako da maƙala, gindin injin ya bi jikinsa, layi zai fito kamar an ja da zare. Ka bar injin ya gama ɗaukar gudu kafin ya taɓa itace. Babban haɗarin shi ne katako ya matse faifan, injin ya yi tsalle ya dawo kanka. Hakan na faruwa idan ka tokare allo ta gefe biyu ka yanka tsakiya, sai ya lotsa ya cije. Ɓangaren da za a yar a bar shi ya faɗi da kansa, kai kuma ka tsaya ta gefe. Murfin da ke rufe faifan, na ga masu ɗaure shi da waya wai yana ɓata musu lokaci. A shagona wanda ya yi haka ya ajiye injin ke nan. Za ka canza faifai, cire batir tukuna, domin wannan injin babu wayar da za ka gani ka tuna yana da rai. Babbar riga da carbi a ajiye su nesa, a sa tabarau da takunkumi.

Ɗanyen katako ma yana cije faifai, kuma shi ne abin da ke haɗa ni da masu ciniki. Mutum zai zo ya ce a can an yi masa wadirob rabin kuɗina. Na san yadda aka yi: daga 'yan katako aka ɗauko itacen da ruwansa, aka buga ƙusa, aka shafe da fenti. Bari hunturu ya shigo, iskar Disamba ta busa, ƙofar ta bankare, haɗin ya buɗe har ka zura yatsa. Ni katakona sai ya kwanta a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, ya bushe kafin zarto ya taɓa shi. Maɗaci da doka da iroko kowanne da yadda yake karɓar faifai, kuma kunne ke gaya maka: in ƙarar injin ta fara nauyi, sassauta hannu.

Wanda ya sayi nasa, ya kawo shi shago ranar Asabar bayan la'asar da guntun katako, in duba masa ko gindin injin ya daidaita da faifan a kan digiri 90, don da yawa daga kwali suke fitowa a ɗan karkace. Ya kuma taho da zarton hannu. Faifai zagayayye ne, ba ya kai wa ƙarshen kusurwa ta ciki, kullum yana barin ɗan abin da bai yanke ba ta ƙasa. Wannan ragowar da zarton maigidana nake ƙarasa ta, yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar shago.