Yadda Na Horar da Ingarmana don Doguwar Tafiya ta Hanyar Ƙirga Bugun Zuciyarsa

A wurinmu an saba auna doki da sukuwa, amma tseren dogon zango da ake yi a Faransa da Amurka da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yana da ma'auni dabam. A manyan gasanninsa doki yakan yi tafiyar kilomita 160 a yini guda, an raba ta zango-zango, kuma a ƙarshen kowane zango likitocin dabbobi ne suke tsayar da shi su duba lafiyarsa. A ƙa'idar hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ba a barin doki ya ci gaba sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya ko ƙasa da haka cikin 'yan mintocin da aka yanke masa. Wannan ƙa'ida ce ta ja hankalina, ko da yake burina bai wuce ingarmana ya kai ni garuruwan nesa ya dawo da ni yana da sauran ƙarfi ba.

Na fara da sanin bugunsa yana hutawa. Da asuba, yana kan turke kafin a zuba masa dusa, nakan ɗora abin sauraron ƙirji irin na likita a ƙirjinsa, daidai bayan inda ƙafarsa ta gaba ta hagu ta haɗu da jiki, in ƙirga na daƙiƙa 15, in ninka sau huɗu, in rubuta. Idan babu abin sauraron, yatsu uku a kan jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi sun wadatar. Lafiyayyen doki babba yakan buga tsakanin 28 da 44 a minti, amma adadin da naka ya saba shi ne abin dubawa, domin duk ranar da ya haura hakan ba tare da dalili ba, akwai zazzaɓi ko ciwo ko gajiyar da ba ta sake shi ba, kuma ranar ba na ɗaura masa sirdi.

Daga baya na samu na'urar da ake maƙala wa doki, ɓangare ɗaya a ƙarƙashin sirdi, ɗaya a wurin ɗamarar ciki, tana aiko da adadin zuwa agogon hannu, kuma sai an jiƙa gashin wurin take karantawa daidai. Yawancin kilisarmu tafiya ce da sassarfa, ina riƙe bugun tsakanin 110 da 150, saboda daga wajen 150 zuwa sama tsoka takan fara aiki fiye da iskar da take samu, gajiya ta taru da sauri. A sukuwa zuciyar doki tana wuce 200. Rairayi da hawan tudu suna ɗaga adadin, haka ma ganin goɗiya daga nesa, don haka ba kowane tashi ne gajiya ba. Alamar da ta tabbatar mini horon ya kama ita ce hanya ɗaya, sauri ɗaya, amma bugun ya ragu, kuma da na sauka na sassauta ɗamara sai ya faɗo da wuri.

A nan ne haɗarin yake. Zuciya tana ƙarfafa cikin watanni biyu zuwa uku, jijiyoyin ƙafa suna buƙatar watanni masu yawa, ƙashi kuwa yakan ɗauki shekara ko fiye. Agogo zai nuna maka doki ya shirya alhali ƙafafunsa ba su kai ba. Saboda haka ba na ƙara nisa da sauri a lokaci guda, ina kauce wa rairayi mai zurfi, kuma bayan kowace fita nakan shafa ƙafafun huɗu daga gwiwa zuwa kofato ina neman zafi ko kumburi.

A bazara doki yana iya zubar da gumin da ya wuce lita 10 a awa guda, kuma idan ruwan jiki ya ragu bugun yakan ƙi sauka. Nakan tsunkuli fatar wuyansa in ga ko za ta koma nan take, in danna dasashi in ga ko jansa zai dawo cikin daƙiƙa biyu. Ina barinsa ya sha ruwa a hanya, ina kuma kwara masa a wuya da tsakanin cinyoyi. Kanwar da muka gada tana da gurbinta a barga, amma ba ta mayar da gishirin da gumi ya kwashe, don haka gishirin ci nake ƙara masa a dusa.

Gwajin da na fi dogara da shi na likitan dabbobi ne ɗan Amurka, Kerry Ridgway. Ana ƙirga bugun, a ja doki da sassarfa mita 40 a dawo, sannan a sake ƙirgawa bayan minti ɗaya da fara sassarfar. Idan na biyu ya yi daidai da na farko, muna ci gaba. Idan ya haura shi da fiye da huɗu, nakan cire sirdi in nemi inuwa, in sake gwadawa bayan ya sha ruwa ya huce.