Shekarar da aka ɗauke wa maƙwabtanmu sabis

A watan Mayun 2013, bayan Shugaba Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, sai aka ɗauke sabis ɗin waya a jihohin uku, wai don kada 'yan Boko Haram su riƙa haɗa baki. Mu a Gombe layinmu na aiki lafiya lau, amma wa za ka kira?

Yayata tana aure a Biu, a jihar Borno. Labarinta sai a bakin direbobi. Da la'asar nakan je tasha in bi motoci ina tambaya, "Malam, daga Biu kake? Ya garin?" Wata rana wani ya miƙo min takarda a ninke, duk ta sha manja: "Muna lafiya. Ku gaishe da Inna, a aiko min da maganin hawan jini."

Ban ce matakin ba shi da dalili ba. Abin da ya tsaya min a rai, da aka toshe bakin mutanen gari, murya ɗaya ce ta rage, ta hukuma. A sanar an kashe Shekau, shugaban Boko Haram, a kwana biyu ya ɓullo a bidiyo yana dariya. Bai mutu ba sai 2021.

'Yan jarida ma sun ɗanɗana. A Yunin 2014 sojoji sun tare motocin rabon jaridu sun kwashe, a Janairun 2019 kuma suka mamaye ofisoshin Daily Trust na Maiduguri da Abuja saboda labarin da jaridar ta buga kan shirin sojoji na ƙwato garin Baga. Ɗauke sabis ma bai tsaya a 2013 ba: a Satumban 2021 aka kashe sabis a Zamfara.