Darasin Motsa Jiki a Ƙarƙashin Rufin Kwano

Yanzu da takardar canjin wurin aiki ta fito, kuma zan bar ƙaramar sakandaren da na koyar da motsa jiki da kiwon lafiya a cikin garin Gombe, ina ganin babu laifi in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Duk wanda ya riƙe wannan darasi ya san cewa daga Yuni zuwa ƙarshen zango na uku, sannan daga Satumba zuwa farkon Oktoba, filin wasa taɓo yake zama, idan kuma hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, ƙura ba ta barin yaro mai ciwon asma ya yi gudu a waje.

Firinsifal ɗinmu yana da hanyarsa ta magance wannan. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas, sai ya aiko a ce mini, "Malam, yau ai babu fita, a bar wa malamin lissafi." Na sha tunatar da shi cikin ladabi cewa darasin yana cikin manhajar da hukumar NERDC, mai tsara manhajar ilimi ta ƙasa, ta fitar, ana kuma tambayar yara a kansa a jarrabawar kammala aji uku, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 na motsa jiki a kullum ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17. Amsarsa ba ta canzawa: aji wurin karatu ne.

Da na ga haka sai na daina zuwa ofis, na riƙa shiga aji kafin ɗan aike ya iso. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, ni kuwa abin da nake tararwa ya kusa ninka hakan, saboda haka babu maganar a tashi gaba ɗaya. Mukan jera bencuna a jikin bango, in raba yaran rukuni huɗu, ɗaya ya shiga tsakiya yana tsalle a tsaye, ko tsuguna-tashi, ko tsayuwar langa da ƙafa ɗaya ba tare da ture juna ba, sauran kuma suna zaune suna ƙirga musu har layi ya zo kansu. Ƙwallo ba ta shiga aji, safa ce muke cusa wa tsumma. Ruwa idan ya sauka a kan kwano babu muryar da ake ji, don haka da usur da ɗaga hannu muke magana. A ƙarshe kowa ya dafa jijiyar wuyan hannunsa, ya ƙirga bugunta na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Lissafin da ake ƙwace mini lokaci dominsa ke nan, yara suna yin sa suna haki.

Sakamakon da na samu shi ne takardar neman bahasi, wai ina tayar da hayaniya ina karya bencunan gwamnati, alhali bencunan nan tun kafin zuwana da duwatsu ake tokare su. Na ba da amsa a rubuce, aka ajiye a fayil ɗina.

Sai ga masu duba makarantu sun zo wata Talata ana tsuga ruwa, suka leƙo ajin da nake, suka tsaya har darasi ya ƙare. A gabana firinsifal ya shaida musu cewa wannan tsari ne da ya ɓullo da shi don kada damina ta cinye darasin yara. Da ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Malam?" na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Aka yaba masa a rahoto, takardar bahasin kuwa har yau ba a cire ta daga fayil ba. Shawarata ga sabon malami ita ce ya rubuta duk dabarar da ya ƙirƙira a littafin tsara darasi, da kwanan wata, ya kai a sa hannu kafin ya gwada ta.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. A hunturu kada a share aji dab da darasi, a yayyafa ruwa tun da sassafe don siminti ya bushe, a kuma san masu asma da sunayensu. Tagogin da ba sa fuskantar feshi a bar su a buɗe. 'Yan mata, waɗanda a fili sukan raɓe a gindin darbejiya saboda idon masu wucewa, a cikin aji sun fi maza zage damtse, abin da ya sa ko rana ta buɗe nakan yi musu wani darasin a ciki.

Littafin da na tattara waɗannan tsare-tsare na damƙa shi hannu da hannu ga malamin da zai gaje ni, ban bi da shi ta ofis ba.