Vespa irin ta da ta yi wuya a Kaduna

Na jima ina neman Vespa irin wadda Baba yake hawa zuwa masaƙa a Kakuri. Na zagaye Panteka, sai tsofaffi, fenti ya koɗe, kujera ta yage. Bakanike ya ce min, "Alhaji, sabuwa ai ta ƙare."

Gaskiyarsa. Kamfanin Piaggio na Italiya ya daina ƙera irin wannan Vespa, wato PX, a 2017, don injinta ya kasa cika dokar hayaƙi ta Turai, Euro 4. Man inji da fetur tare suke ƙonewa a cikinta, shi ke kawo shuɗin hayaƙin nan. Ban ga laifin dokar ba, wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson Kawo ya san wahalar ƙirji. Amma wallahi ina kewar ƙararta. Na sayi tsohuwa, yanzu fistan muke nema.