Yinin da na shiga haikalin ceɗiyoyi shida a Guangzhou

Sau biyar ina zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya, kuma a duk zuwan nan abin da na sani game da birnin bai wuce unguwar Xiaobei da ƴan Afirka suke sauka ba, sai rumfunan Sanyuanli, sai ɗakunan ajiya inda ake loda kwantena. Mutumin da ya taso daga Tawa, ya wuni a mota kafin ya isa Yamai, ya hau jirgi ya yada zango a Adis Ababa, ba ya isa can da tunanin yawon buɗe ido, domin lissafin kuɗin masauki da na tafinta kaɗai ya ishe shi. A zuwana na shida ne masu masana'antar da na ba wa aikin fitilu masu aiki da hasken rana suka ce kayan ba za su fito ba sai bayan kwana uku, na zauna a masauki ina ta juya lissafin asara. Ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a birnin kuma yake yi mini tafinta idan ya sami sarari, ya dube ni ya ce: "Kawu, tun da yau babu ciniki, zo in kai ka ka ga tsohon gari."

Sai da muka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Gongyuanqian sannan ya gaya mini cewa wurin ibadar mabiya addinin Budda za mu fara shiga. Na tsaya cik a bakin hanya na ce masa ban tsallako duniya don in je in tsaya gaban gunki ba. Ya yi ƙasa da murya ya ce: "Kawu, babu wanda zai ce ka rusuna ko ka riƙe turare, gini za mu kalla." Na yi shiru na tuna cewa mu mutanen Adar mun tashi muna jin labarin Azna da buɗin dajin da ake yi a Masalata kusa da Ƙonni, kuma malamanmu da dama sun san abin da ake yi a can dalla-dalla ba tare da imaninsu ya girgiza ba. Na ƙudurta cewa zan shiga da idanuna, in bar zuciyata inda take.

Sunan wurin Liurong, kuma abin da ya fara tare ni shi ne dokin ƙofa, wani katako mai tsayi da ya kusa kai wa sangalali. Na ɗaga ƙafa zan taka shi yadda muke yi a gida, yaron ya riƙe hannuna da sauri ya ce a wurinsu taka dokin ƙofar haikali rashin ladabi ne, tsallake shi ake yi. Takalmi kuwa babu wanda ya cire, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai, tun da mu cire takalmi shi ne farkon girmama wurin ibada. A zauren farko akwai mutum-mutumin wani mai ƙaton tumbi yana dariya, wanda na sha gani a kan teburan ƴan kasuwar Sin ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Shi ne suke kira Mile, Buddan da suke jiran zuwansa. Dama da hagunsa ga wasu sarakuna huɗu masu fuskar yaƙi, waɗanda suke ɗauka a matsayin masu tsaron kusurwoyin duniya huɗu.

A tsakar wurin hayaƙin turare ya turnuƙe, yana tashi daga wani babban kasko na ƙarfe cike da toka. Kowa yakan kunna tsinke uku, ya riƙe su da hannu biyu daidai goshi, ya sunkuya, sannan ya soke su a cikin tokar. Na zaci tsofaffi kaɗai zan gani, sai ga samari da ƴan mata cikin kayan ofis, wasu ma da jakar kwamfuta a baya. Idon ɗan kasuwa ba ya hutawa: na lura cewa sadakar ma da yawansu da waya suke biyanta, su haska wata alama da aka liƙa jikin akwatin, su wuce.

Abin da ya riƙe ni tsawon lokaci shi ne hasumiyar da take tsakiyar haikalin, wadda suke kira Hasumiyar Fure saboda launukanta da kuma yadda bakin rufin kowane hawa ya lanƙwashe sama kamar furen da ya buɗe. Kusurwa takwas gare ta, tsayinta ya haura mita 57, kuma wanda ya ƙirga daga waje hawa tara zai gani, alhali a ciki hawa 17 ne. Na ga mutane suna zagaya ta a natse, suna barin ta a hannunsu na dama, leɓunansu na motsi. An kafa haikalin a shekarar 537, zamanin sarki Wu na daular Liang, wato tun kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma da na ji wannan sai na ɗauka tubalin da nake kallo ne ya kai waɗannan shekaru. Ashe ba haka ba ne. Wuta ta cinye wurin a ƙarni na 10, aka sake gina haikalin a 989, hasumiyar kuma a 1097, sannan aka yi ta gyara ta daga wannan daula zuwa waccan.

Sunan ma haka labarinsa yake. A shekarar 1100 wani babban marubuci kuma ma'aikacin fada, Su Shi, yana dawowa daga tsibirin Hainan inda sarki ya kore shi, ya biyo ta nan, ya ga wasu manyan itatuwa shida sun yi inuwa a farfajiyar, sai ya rubuta haruffa biyu da suke nufin sunan itacen da adadinsu. Itacen ɗan uwan ceɗiyarmu ne, har da saiwoyin da suke saukowa daga rassa suna neman ƙasa, shi ya sa nake ce masa ceɗiya. Waɗancan shida sun mutu da daɗewa, waɗanda suke wurin yanzu dashe ne na baya, amma haruffan suna nan a saman ƙofa, kuma birnin duka da su yake kiran wurin.

A nan ne tunanina ya koma gida, kuma ba da jin daɗi ba. Hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, wadda aka gina a 1515 aka kuma sake gina ta a 1844, ba ƙarfin laka ne ya tsayar da ita ba, hannun masu hawa kan itatuwan da suka fito daga jikinta suna sabunta yaɓe ne. Masallacin Yama da yake jiharmu ta Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, shi ma haka yake rayuwa. Amma ni da nake wannan rubutu ina cikin waɗanda suka ba da kuɗi aka rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwarmu, mai bakan gizo da azara, aka maye gurbinsa da siminti da kwano, muna murna cewa mun huta da yaɓe bayan kowace damina. Yanzu a watan Afrilu babu mai iya zama cikinsa tsakanin azahar da la'asar sai fanka tana juyawa, kuma a cikin yaranmu babu wanda zai iya faɗin sunan maginin da ya ɗaga na farkon.

Babban ɗakin ibadarsu ban shiga ba, daga bakin ƙofa na tsaya, kuma babu wanda ya harare ni. A ciki akwai gumaka uku na tagulla da aka zuba a 1663, kowanne tsayinsa mita shida, gabansu an jera lemo da furanni. Malamansu masu askakken kai suna karatu da murya ɗaya, ɗayansu yana buga wani ƙoƙon katako mai siffar kifi don daidaita sautin. Ɗakin kansa ginin 1983 ne, bayan shekarun juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 da aka rufe wuraren ibada aka lalata da yawa a faɗin ƙasar. Abin da suke bauta wa ban yarda da shi ba, kuma tsayuwata a wurin ba ta rage komai daga wannan ba, sai dai natsuwar da na gani a fuskar wata tsohuwa da ta daɗe a durƙushe ta hana ni yi musu dariyar da na zo da ita a raina.

Da rana ta karkata na ce wa yaron lokacin salla ya yi, ya ce ba sai mun hau mota ba. Tafiyar ƙafa kaɗan ta cikin lunguna ta kai mu masallacin Huaisheng, wanda rufinsa da farfajiyarsa suka yi kama da na wurin da muka baro, sai dai hasumiyarsa mai mita 36 sumul take ba ado, kuma an ce a da ita ce take nuna wa jiragen ruwa hanya a kogin Lu'ulu'u. Musulmin can suna danganta kafa shi ga sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake abin da muka karanta a littattafanmu shi ne an binne Sa'ad a Baƙi'a ta Madina, kuma ban ga amfanin tayar da wannan gardama a gidan mutane ba. Na yi alwala kusa da wani dattijo Basine mai farar hula, muka yi sallama, wadda ita kaɗai ce kalmar da muka haɗa. Da muka zo shiga sai na ga shi ma ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofar, na tsallake a bayansa, muka tayar da salla.