Godiya bayan addu'ar arba'in ta ƙanena

Assalamu alaikum. A madadin mahaifiyarmu da dukan iyalinmu na unguwar Yelwa a Garwa, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daren da labarin rasuwar ƙanena ya iso gida har zuwa jiya da aka yi masa addu'ar arba'in.

Matuƙin jirgi ne a rundunar sojan sama ta Kamaru, kuma Allah ya karɓi ransa yana bakin aiki a yankin Arewa Mai Nisa, a yaƙin da ake gwabzawa da Boko Haram tun 2014. Mu mutanen Garwa mun fi sanin wannan yaƙi ta rugugin jiragen da ke tashi daga sansani na 301 su nufi wajen Mora da Kolofata, kuma wannan rugugin ne, tun kafin yaƙin, yake fitar da shi daga makarantar allo da gudu yana ɗaga kai sama, abin da ya sha jawo masa bulalar malam.

Muna godiya ga liman da malaman da suka sallace shi suka sauke masa Alƙur'ani, da maƙwabtan da suka kafa rumfa suka ɗauke mana girki na kwana bakwai, da 'yan uwan da suka taso daga Marwa, Ngaundere, Kusiri da Yola.

Amma godiyar da ta fi nauyi a zuciyata ta abokan aikinsa ce. Matasa ne tsaransa, Musulmi da Kirista, waɗansunsu ba sa jin Hausa ko Fulatanci, duk da haka suka cire takalma suka zauna a tabarma gaban Inna, suka miƙa mata hularsa da ƙaramin Alƙur'anin da ba ya tashi sai da shi a aljihu. Daga bakinsu muka fara jin cewa yana biya wa marayun wani makaniken jirgi kuɗin makaranta, alhali mu da muke gida ɗaya da shi bai taɓa gaya mana ba. Allah ya tsare su, ya mayar da su ga iyayensu lafiya.

Allah ya jiƙansa, ya karɓi shahadarsa. Inna ta ce in sanar cewa duk mai binsa bashi, komai ƙanƙantarsa, ya same ni a gida bayan sallar la'asar domin a sauke masa.