Inda kuɗin tallafin ya tafi: yadda reshenmu ya horar da nasa masu koyar da kariya a wurin aiki

Ina sakataren reshen ƙungiyarmu ta ƙwadago a wata masana'antar robobi lokacin da uwar ƙungiya ta buɗe asusu don rassa su nemi tallafi, su horar da mambobinsu su zama masu koyar da kare lafiya a bakin aiki. Sharuɗɗan ba su da yawa. Reshe ya rubuto abin da zai yi, ya haɗa da kasafi, ya zaɓo mutane daga cikinsa, bayan shekara ya kawo rahoto da rasit. Muka nema, aka ba mu. Tun daga lokacin sakatarorin wasu rassa ke kirana, tambayarsu ɗaya: yaya muka cike takardar? Ita takarda ba ta da wuya. Abin da ya kamata su tambaya shi ne me muka saya da kuɗin.

Kafin tallafin, horon da muke samu sau ɗaya ne a shekara. Kamfani ya ɗauko masani daga waje, a tara mutane a zauren taro, a kunna majigi, a nuna yadda ake riƙe tukunyar kashe gobara, kowa ya sa hannu a rajista, a watse. Ba na raina mutumin, ya san karatunsa. Sai dai bai san cewa injin niƙa robar da ke bayan sito yana cushewa, kuma in ya cushe yara kan ɗaga murfin su zura hannu ba tare da sun kashe wuta ba, don kada a ce sun tsayar da aiki. Bai san akwai injin zuba roba da aka yi wa makunnin ƙofarsa dabara don ya riƙa aiki ko ƙofar na buɗe ba. Masu aikin dare kuwa ko fuskarsa ba su taɓa gani ba, lokacin da yake magana suna gida suna barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan ita ce hujjar da muka rubuta a shafin farko na takardar neman tallafin.

Da muka zauna kan kasafi, abin da ya fara zuwa bakin 'yan kwamiti shi ne hayar zaure, buga littattafai, riguna da huluna masu tambarin ƙungiya, da alawus na halartar bita. Na ga kasafin wasu rassa daga baya, yawancinsu haka suke. Mu fiye da rabin kuɗin mun zuba shi ne a kan lokaci. Ma'aikacin da zai bar injinsa ya je ya koyi koyarwa yana asarar kuɗin ƙarin lokaci, yana asarar ladan cika adadi, wani ma shugaban sashensa ya riƙe shi a rai. In ba ka biya masa wannan giɓin ba, zai zo rana ta farko don kunyarka, rana ta biyu ya aiko cewa yaronsa ba lafiya. Don haka muka lissafa abin da kowane mutum zai rasa, muka sa a kasafi a fili, muka yi wa layin suna “biyan lokacin masu koyo”. Ma'ajinmu ya ji tsoron kada hedikwata ta soke shi. Ba ta soke ba, tambaya ɗaya ta yi, muka amsa.

Nan ne kuma wurin da ya fi buƙatar hankali. Kare lafiyar ma'aikaci nauyi ne a wuyan mai kamfani, kuma kuɗin ƙungiya bai kamata ya sauke masa shi ba. Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka amince da ita a 1981, ta ce a sashe na 19 a ba ma'aikata da wakilansu horon da ya dace, a sashe na 21 kuma ta ce matakan kariya kada su ci wa ma'aikaci ko kwabo. A 2022 taron ILO ya sa wurin aiki mai aminci da lafiya cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikata, tare da wannan yarjejeniya da mai lamba 187 ta 2006. A Birtaniya, tun ƙa'idojin 1977, wakilin ƙungiya kan kariya yana da haƙƙin zuwa horo ana biyansa albashinsa. A Amurka gwamnati ce da kanta ke ba ƙungiyoyi irin wannan tallafi, ta shirin Susan Harwood na OSHA, hukumarsu mai kula da kare lafiyar ma'aikata. Waɗannan na kwasa na tafi da su ofishin manaja.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, “Kwamared, tun da an ba ku kuɗi, ai sai ku yi abinku, mu ba mu hana ba.” Na ce, “Ranka ya daɗe, kuɗinmu na yin malamai ne. Ajin da za su koyar a cikin masana'antarka yake, a lokacin aikinka, kuma lokacin naka ne za ka biya.” An kai ruwa rana kafin a daidaita. A ƙarshe muka raba: tallafi ya ɗauki nauyin horar da masu koyarwa, kamfani ya amince a rubuce cewa duk zaman da za su yi da ma'aikata lokacin aiki ne, ba a yanke wa kowa komai. Duk reshen da bai karɓi irin wannan takarda da sa hannu ba kafin ya taɓa kuɗin, ina jiye masa. Manaja yakan canza, alkawarin baki kuma tare da shi yake tafiya.

Zaɓen mutane ya fi kasafi rigima. Kowane ɗan kwamiti yana ganin shi ya cancanta, tun da akwai takardar shaida a ƙarshe. Muka kafa ƙa'ida cewa babu mai riƙe da muƙami a reshe da zai shiga, har da ni. Sai muka zagaya sashe-sashe da tambaya ɗaya: in inji ya yi gardama, ko wani ya ji ciwo, wa kuke fara kira? Sunayen da suka fito ba su ne masu yawan magana a taro ba. Akwai wani dattijon makaniki da kowa ke ce wa Baba, wanda karatunsa na boko bai yi nisa ba amma da kunne yake gane injin da zai lalace. Akwai wata mata a sashen shirya kaya da 'yan mata ke kai wa kukansu tun kafin su zo wurinmu. Mun tabbatar akwai mutum daga masu aikin dare, da mai tuƙa motar ɗaga kaya, da ɗaya daga masu shara. Su masu shara 'yan kwantiragi ne, ba mambobinmu ba ne, kuma an yi musu sosai kan ko kuɗin ƙungiya zai hau kansu. Ni dai ra'ayina bai canza ba: su ne ke shiga ƙarƙashin inji da tsintsiya, su ne ke zuba sinadarin wanki, kuma su ne ba wanda ya taɓa kira zauren taro.

Abin da aka koya musu kashi biyu ne, kuma na farko ya sauya yadda ni kaina nake kallon aikin. Mun saba, da an ce kariya sai mu tuna hular kwano, safar hannu, tabarau da takunkumi. A tsarin da masana ke bi, waɗannan su ne matakin ƙarshe. Na farko shi ne a kawar da haɗarin gaba ɗaya. In ba zai yiwu ba, a musanya abin da wanda bai kai shi illa ba. In ba haka ba, a yi gyara a jikin inji ko gini, kamar murfi, shinge ko bututun zuƙe hayaƙi. Sai a gyara tsarin aiki da tsawon lokacin da mutum ke yi a wurin. Bayan duk waɗannan ne ake zuwa kan abin da ma'aikaci zai sa a jikinsa. Mai koyarwar da ya riƙe wannan jerin, in an ce masa a raba takunkumi, zai tambaya me ya sa hayaƙin ke fitowa tun farko.

Kiyasin da ILO ta fitar a 2023 ya ce kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, kuma wajen miliyan 2.6 daga cikinsu cuta ce ke kashe su, haɗari kuwa kimanin 330,000. Wato abin da ke cin mutum a hankali ya fi wanda ke fizgar hannu ɓarna, alhali shi ne ba a magana a kai. Shi ya sa muka ba ƙara, ƙura da sinadarai lokaci mai yawa. Ƙara in ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), awa 8 ce iyakar da ake ba da shawara, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Baba bai damu da lambobin ba. Abin da ya riƙe shi ne, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye tazarar hannu ɗaya ya ji ka, to wurin na cin kunne. Da wannan yake koyarwa, kuma ana ganewa. An kuma koya musu karanta takardar bayanin sinadari mai sassa 16, su san taimakon gaggawa na sashe na 4, matakan kariya na sashe na 8, su gane alamomin nan masu jan baki da ke jikin durom. Sai ƙa'idar kwaɗo: kafin ka sa hannu cikin inji, kashe wuta daga tushe, rufe makunnin da kwaɗonka, makulli a aljihunka, ka gwada kunnawa ka tabbatar ya mutu. Daga cikin kuɗin tallafin mun sayi kwaɗunan gwaji na aji kawai. Na aiki kamfani muka sa ya saya.

Kashi na biyu shi ne koyon koyarwa, kuma kada wani ya yi masa rowar lokaci. Sanin abu daban, iya tsayawa gaban abokan aikinka ka faɗe shi daban. Mutumin da ke tsawata wa inji sai ka ga gumi na keto masa gaban mutum goma. Muka sa kowa ya riƙa gwadawa gaban 'yan uwansa, su gyara masa, ya sake. Dabarar da ta fi yi mana amfani ba ta buƙatar majigi. A zana siffar mutum a babbar takarda, gaba da baya, kowa ya zo ya sa alama inda jikinsa ke ciwo bayan aiki. Ranar da matar nan ta yi haka a sashen shirya kaya, alamomin suka taru a kafaɗar dama da ƙugu. Kowacce a da tana zaton nata ciwon ne ita kaɗai, ko tsufa, ko haihuwa. Da suka ga takardar sai magana ta koma kan tsayin teburi da nauyin kwali. Takardar muka naɗe muka kai taron kwamitin kariya, kuma an ɗaga teburan. Zaman da suke yi gajere ne, a bakin inji, lokacin da masu sauka ke miƙa wa masu hawa, batu ɗaya kowane zama.

Bayan abin ya kankama sai wata matsala ta ɓullo daga inda aka yaba mana. Shugabannin sassa suka fara cewa, tun da ga masu koyarwa, su riƙa rubuto sunan duk wanda suka gani ba hula ko ba safa. Muka ƙi. Ranar da mai koyarwa ya zama ɗan rahoto, ranar ce ta ƙarshe da wani zai gaya masa cewa ana zura hannu a injin niƙa. Haka ma rajistar halarta: mun lura ana iya ɗauko ta bayan haɗari a ce ai an koya masa, laifinsa ne. Sai muka ƙara shafi a jikinta inda ake rubuta abin da ma'aikata suka ce a gyara, da ranar da aka faɗa, reshe ya riƙe kwafi. Muka kuma sa kowane mai koyarwa ya riƙa tuna wa mutane sashe na 13 na yarjejeniyar 155, wanda ya ce a kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin akwai haɗari babba na nan take ga ransa ko lafiyarsa.

Masu koyarwa ba sa zama wuri ɗaya. Wani aka ƙara masa girma, wani ya samu aiki a wani wuri, wata ta tafi hutun haihuwa. Abin da ya cece mu shi ne mun horar da su bibbiyu a kowane sashe, kuma mun roƙi hedikwata ta bar mu mu riƙe wani kaso na kuɗin zuwa shekara ta biyu, don bitar tunatarwa da horar da sababbi. A zagaye na biyun ba mu ɗauko kowa daga waje ba sai na batun sinadarai, sauran tsofaffin ne suka koyar.

Wajen rahoto, hedikwata adadin waɗanda suka halarta take so, mun kuwa ba ta. Amma mun haɗa da jerin abubuwan da aka gyara da waɗanda har yanzu ake ja a kansu. Wani abu ya ɗaga musu hankali: rahoton haɗarin da aka tsallake rijiya da baya ya ƙaru sosai bayan horon. Wani jami'i ya kira ni ya ce, “Kwamared, kuɗi muka ba ku don abu ya ragu, ga shi yana hawa.” Na bayyana masa cewa abubuwan suna faruwa tun da, faɗa ne ba a yi, yanzu kuma akwai wanda aka yarda da shi da za a gaya wa. Sai da na aika masa kwafin shafukan rajistar kafin ya gamsu.

Tallafin ya ƙare, ba a kuma yi mana alkawarin wani ba. Babban taron reshe ya amince a ware ɗan kaso daga kuɗin mambobi don bitar shekara-shekara. A tattaunawar sabunta yarjejeniyar aiki da ke gabanmu, buƙatunmu kan wannan batu biyu ne: a rubuta sa'o'in koyarwa da ake biya a cikin yarjejeniyar kanta, kuma kada a sauya wa mai koyarwa sashe ko a ladabtar da shi ba tare da an zauna da reshe ba. Kamfani ya karɓi ta farko, ta biyun ce har yanzu muke kanta.